Daga Zaharatu zuwa Malaman Asibitin Birni: Mata Masu Jinya da Gurbinsu a Tarihin Kano

 

Gabatarwa

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano ya san tsarin da ake bi idan mace ce ta riga mu gidan gaskiya. Za a ambaci sunanta, a ce matar wane ce, mahaifiyar wane da wane, a faɗi yawan 'ya'ya da jikokin da ta bari, sannan a sanar da unguwar da za a yi jana'iza, Yakasai ce ko Mandawari ko Soron Ɗinki. Idan marigayiyar malamar asibiti ce wadda ta cika shekara 35 tana karɓar haihuwa da kwana a kan marasa lafiya kafin ta yi ritaya, sau da yawa wannan ba ya shiga sanarwar. A zauren ta'aziyya maza za su yi maganar mijinta da 'ya'yanta. A cikin gida ne kawai za a ji wata tsohuwa tana cewa a hannunta aka haifi 'ya'yana huɗu, kuma daga nan maganar ta ƙare.

Wannan maƙala tana bin diddigin wannan shiru. Abin da take son nunawa shi ne cewa magabata sun rubuta tarihin mata masu jinya, fiƙihunmu ya ba su matsayin da bai ba kowa ba, kuma a ƙasar Hausa kanta an taɓa yi wa mai karɓar haihuwa marsiyya kamar yadda ake yi wa waziri. Saboda haka rashin rubuta tarihin mata masu jinya na birnin Kano gazawa ce tamu, ba mu gaje ta daga addini ba.

Tantin Rufaida da abin da aka rubuta game da shi

A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, Allah Ya ƙara masa yarda, ta yanke masa jijiyar hannu. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kwantar da shi a tantin wata mace daga ƙabilar Aslam mai suna Rufaida, wanda yake kafe a cikin masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. An siffanta ta da cewa tana yi wa masu rauni magani, tana kuma hidimar Musulmin da ba su da mai kula da su don neman lada. Imam Bukhari ya kawo labarin a Al-Adabul Mufrad. Ibn Sa'ad kuwa, a juzu'in da ya keɓe wa mata cikin Ɗabaƙat, ya danganta wannan aiki ga Ku'aiba 'yar Sa'ad, ita ma Ba'aslamiya, shi ya sa wasu malamai suke ganin mace ɗaya ce da suna biyu. Yana da kyau ɗalibi ya lura cewa abin da tsofaffin littattafai suka faɗa game da ita bai wuce layuka kaɗan ba. Yawancin ƙarin da ake karantawa a rubuce-rubucen zamani, kamar cewa ta kafa makarantar koyon jinya mai tsari, ƙawata labari ne, kuma matsayinta bai buƙaci ƙawa ba: babban sahabi ya yi jinyarsa ta ƙarshe a hannun mace, cikin masallaci, da umarnin Annabi.

Ba ita kaɗai ba ce. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta faɗa, a ruwayar Bukhari, cewa suna fita yaƙi suna shayar da mutane, suna yi musu hidima, suna mayar da masu rauni da waɗanda aka kashe Madina. A kan hadisinta ne Bukhari ya gina babin da ya tambaya ko namiji zai yi wa mace magani, mace kuma ta yi wa namiji. Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai tana dafa abinci da jinyar masu rauni, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma ita ce aka karɓo hukunce-hukuncen wankan gawar mace daga bakinta, domin tana cikin waɗanda suka wanke 'yar Manzon Allah. A lura da wannan haɗin na jinya da wankan gawa a hannun mace ɗaya. Za mu sake cin karo da shi a Sakkwato.

Marubutan da suka biyo baya ba su yar da wannan al'ada ba. Ibn Abi Usaibi'a, a littafinsa na tarihin likitoci, ya ambaci Zainab likitar Banu Aud, da 'yar'uwar Abubakar ɗan Zuhr na Andalus da ɗiyarta, waɗanda suke duba matan gidan sarki Mansur na daular Muwahhidun. Ibn Khaldun ya ware fasali guda a Muƙaddima kan sana'ar karɓar haihuwa, ya lissafa ta cikin sana'o'i masu daraja waɗanda zaman birni ba ya yiwuwa sai da su.

Shaidar da alƙali ba ya iya yi sai da ita

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake hukunci da ita a Kano tun ƙarnuka, ana karɓar shaidar mata biyu su kaɗai a abubuwan da maza ba sa halarta, irin su haihuwa da kukan jariri lokacin da ya faɗo. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wannan wuri, amma ba kowa ne yake tsayawa ya auna nauyinsa ba. Jaririn da ya yi kuka sannan ya koma, ya ci gado kuma za a gaje shi, za a yi masa salla. Wanda bai yi ba, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ke nan rabon gidan marigayi, da gonarsa, da rumfarsa ta kasuwar Kurmi, yana iya sauyawa gaba ɗaya a kan abin da tsohuwar da ta durƙusa a ɗakin mai naƙuda ta ce ta ji. Fiƙihu ya ɗora wa wannan mace amanar nasaba da dukiya.

Ya kuma ɗora mata alhaki. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya nuna cewa wanda ya shiga yin magani ba tare da an san shi da saninsa ba, lamuni yana kansa. Imam Gazali kuma, a farkon Ihya'u, ya sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, ya yi kukan cewa garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi alhali mutane sun yi dafifi a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu. Wanda ya karanta wannan wuri yana zaune a Kano zai ji kamar da mu ake.

Marsiyyar Zaharatu

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793–1864), matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, uwa ce kuma kaka, kuma zuriyarta ce ta riƙe wazircin Sakkwato har zuwa Waziri Junaidu, wanda a ɗakin littattafansa aka adana rubuce-rubucenta da yawa. An san ta da tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis su kai karatu ƙauyuka. An san ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da rubuta risaloli kan magani, har da na ciwon ido da na basir, ita ma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 kan neman waraka ta hanyar Alƙur'ani da sunna. Abin da ba a cika ambata ba shi ne waɗanda ta zaɓa ta yi wa marsiyya.

Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Hauwa'u wadda jaji ce, kuma a 1857 ta yi wa wata mace mai suna Zaharatu marsiyya da Fulatanci. Zaharatu ba sarauniya ba ce, ba ta bar littafi ba. Abin da Asma'u ta lissafa mata shi ne tana karantar da waɗanda ba su sani ba, tana taimakon mutane a harkokinsu na yau da kullum, idan an kira ta wankan gawa ba ta jinkiri, haka nan idan an kira ta wurin mai naƙuda. Da wannan waƙa sunan wata ungozoma ta ƙarni na 19 ya iso gare mu, alhali sunayen hakimai da yawa na zamaninta sun ɓace. Jean Boyd da Beverly Mack sun buga ta cikin tarin ayyukan Asma'u a 1997.

A ganina wannan marsiyya hujja ce mai ƙarfi a wannan babi, domin Asma'u ba don nishaɗi take waƙa ba. Waƙoƙinta kayan karatu ne da jajis suke haddacewa su koyar. Idan ta ɗauki alƙalami ta yabi mace saboda zuwa wurin naƙuda, to tana koya wa matan daula ne cewa wannan aiki ibada ce da ake fatan aljanna da ita, daidai da yadda ta jero salihan mata na da da na zamaninta a Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Mahaifinta ya riga ya share fagen a Nurul Albab, inda ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje.

Idan aka juyo Kano sai a tarar da wani hali dabam. Tarihin sarakunan Kano da aka fi sani ya ambaci mata kaɗan, irin su Madaki Auwa, saboda tasirinsu a fada. Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi labarin jagororin jihadi ne da yaƙe-yaƙensu. Littattafan manaƙibai da suka biyo baya na shehunnan ɗariƙu ne. Birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru mata suna haihuwa a bayan ganuwarsa bai fitar da tasa marsiyyar Zaharatu da ta shahara ba.

Ungozoma a cikin ganuwa

Tarihin Kano ya danganta fara kulle ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ko yaya aka fahimci wannan, sakamakonsa a fili yake: a gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure, lafiyar mace tana hannun mata. Wanzami yana da nasa fagen na kaciya da ƙaho da cire beli, malami yana ba da rubutu, amma ɗakin haihuwa na ungozoma ne. Kusan kullum tsohuwa ce da ta daina haihuwa, wato kaka, domin tsufa ne yake ba ta 'yancin ratsa lunguna da tsakar dare ba mai tambayarta. Ita take yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego safe da yamma, ranar suna kuma a fitar mata da rabonta na nama da hatsi. Ga yarinya mai haihuwar fari, wadda aka mayar gidan iyayenta kuma kunya ta hana ta ko da nishi mai ƙarfi, ungozoma ce kaɗai za ta iya gaya wa abin da take ji.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Wasu daga cikin abubuwan da aka gada sun cutar. Yankan gishiri, da ake yi da aska idan naƙuda ta yi tsawo, yana daga cikin sanadin yoyon fitsari. Binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa da yawa haɗe da zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Ungozoma ba ta da abin yi idan jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, ko ƙugu ya yi wa kan ɗa kaɗan. A nan ne hadisin lamuni yake da wurin zama, kuma a nan ne buƙatar mace mai ilimin asibiti ta zama farilla a kan al'umma.

Asibitin Ƙofar Mata da rukunin farko

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), En'e ta buɗe asibitin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda aka sauya wa suna zuwa Asibitin Murtala Muhammad bayan kisan shugaban a 1976. Samar da gini ya fi samar da ma'aikata mata sauƙi. Yawancin ma'aikatan farko maza ne, matan da ke ciki kuwa Turawa ne ko 'yan Kudu ko waɗanda mishan ta horar a wurare irin su Wusasa. Mishan ɗin ba a yarda ta zauna cikin birni ba, sai ta shigo ta ƙofar magani: ta riƙe zangon kutare na Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Sabon Gari a 1943. Ba abin mamaki ba ne idan magidanci a Madabo ya haɗa farar rigar nas da wa'azin Kirista a zuciyarsa, ya hana 'yarsa kusantar aikin, ya kuma hana matarsa zuwa awo.

Makarantun 'yan mata na farko na En'e an buɗe su a Kano da Katsina a 1930, kuma tsabta da renon yara suna cikin abin da ake koyarwa, amma aure yana ɗauke yawancin ɗalibai kafin su yi nisa. An yi dokar hukumar ungozomomi ta Nijeriya a 1930, ta hukumar ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su a 1979. Waɗannan hukumomi suna neman takardar makaranta, abin da 'yar cikin birni ba ta cika samu ba. Saboda haka matan Kano da suka fara sa farar riga a shekarun da suka kewaye samun 'yancin kai 'yan ƙalilan ne, kuma kowacce sai da wani ya tsaya mata, uba ko miji ko wa, ya jure surutun dangi.

Ya kamata mai rubuta tarihinsu ya tsaya a kan abin da aikin ya ci musu. Rigar aiki ta lokacin gajera ce, da 'yar hula, a garin da matar aure ba ta fita sai da lulluɓi bayan magariba. Aikin dare yana nufin ta bar miji da yara, idan tana da kishiya kuma ya shiga lissafin kwana. Wasu an ce musu su zaɓa tsakanin aure da aiki. Akwai kuma tambayoyin fiƙihu na gaske da suka taso musu: taɓa jikin namiji majinyaci, haɗa salloli a ranar da ɗakin haihuwa ya cika, da halin wadda mijinta ya rasu, tunda Malikiyya sun yarda mai takaba ta fita da rana don buƙatarta amma ta kwana a ɗakinta, aikin dare kuwa bai san takaba ba. Waɗannan mata sun kai irin waɗannan tambayoyi zaurukan malamai, an ba su amsa da baki, ba a rubuta ba. Babi ne na tarihin fatawa a Kano da yake jiran mai tattarawa.

Amfaninsu kuwa alƙaluma sun nuna shi. Binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979 ya gano cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda ake kawowa bayan abu ya ɓaci. Mace ba ta zuwa awo sai ta amince da wadda za ta tarar, mijinta ma haka. 'Yar unguwa mai jin Hausa, wadda aka san gidansu, aka san tana salla, ita ce ta sa tsoron asibiti ya fara raguwa a lunguna. Da ta tsufa ta yi ritaya sai ta gaji gurbin ungozomar da, da ilimin da waccan ba ta da shi: a ƙwanƙwasa mata ƙofa da asuba, ta duba, ta ce wannan a bar ta a gida, wannan kuwa a nemo mota yanzu a tafi Murtala. Gwamnatin tarayya ta san darajar wannan, domin shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya haɗa da waɗanda suka yi ritaya.

Lokacin da amana ta girgiza

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa jama'a suka karɓi jita-jita kan rigakafin shan inna, har jihar ta dakatar da shi a 2003, ba a dawo ba sai a Yulin 2004. Da aka dawo, an nemi fatawar malamai da umarnin sarakuna, kuma sun taimaka ƙwarai, amma malami da hakimi a zaure suke tsayawa. Waɗanda suka shiga tsakar gida suka ɗiga maganin a bakin yara mata ne. Ranar Juma'a 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu wannan aiki a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano. A watan Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. An yi jawabai, an yaba wa shugabanni da masu ba da tallafi. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan ɗaya daga cikin matan nan tara?

Akwai asibitin yara na Hasiya Bayero a cikin birni, mai ɗauke da sunan mahaifiyar Sarki Ado Bayero, kuma karramawa ce da ta dace. Sai dai sunayen matan da suka yi aikin da hannunsu suna cikin rajistar ɗakunan haihuwa da fayilolin fansho, inda gara da ruwan sama suke cin su. Buƙatar magadansu kuma ba ta ragu ba: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Shirin Women for Health da aka gudanar daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya tarar cewa sai an shawo kan iyaye da mazaje da malaman gari, an kuma tanadi wurin renon yara a makarantun jinya, kafin matan karkara su iya shiga. Yarinyar da aka karanta mata tarihin wata Hajiya ta unguwarsu wadda ta yi aikin, ta riƙe aurenta, ta ga jikokinta, ta fi saurin samun izinin mahaifinta a kan wadda aka kawo wa misalin Florence Nightingale.

Sassan nazarin addinin Musulunci a jami'o'inmu suna karɓar kundaye da yawa kowace shekara masu taken rayuwar malam wane da gudummawarsa. Tsarin tarjama da aka gada ya isa a yi wa malamar asibiti irinsa: nasabarta, wurin wanda ta yi karatun allo, inda ta koyi jinya da shekarar da ta sami rajista, asibitocin da ta zauna, waɗanda ta horar, malamin da take kai wa tambaya da abin da ya ce mata, aurenta da zuriyarta. Ɗalibai mata su ne za su iya wannan aiki, domin su ne za su wuce zaure. Waɗanda suka fara aiki a asibitin Ƙofar Mata a shekarun 1960, waɗanda Allah Ya bar su da rai, yanzu sun kusa ko sun haura shekara 80, kuma suna nan a ɗakunansu a Yakasai da Zango da Daneji, jikoki suna kai musu ruwan alwala.